Injin Wanki Na Kwali

Birnin Konni, 12 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga Kawu Kallamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Umma da duk mutanen gida. Ya aiki, ya Malbaza? Ni ma ina nan lafiya lau, sai ɗan mura da ya tafi.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Rahinatu, ɗiyar Salamatu ta Tajaye. Kakata Sahiya da mahaifinka 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da kai tun sunan ƙanena Rabi'u, ina 'yar shekara bakwai. Yanzu ina lise, babbar sakandare, a nan Konni, ina zaune gidan wata ƙawar innata Salamatu.

Kawu, wata alfarma nake nema. Malaminmu na kimiyya, Mushe Awal, ya ce kowane rukuni a ajinmu ya zauna ya yi tunanin wani inji da mutanen ƙasarmu za su yi aiki da shi nan da shekara ashirin. Rukuninmu mu huɗu ne, mun zaɓi injin wanki. Kowa da abin da yake so. Sagir ya ce dole ya yi aiki da hasken rana, don kada yankewar wuta ta tsayar da shi. Hidaya tana so in ya gama ya buga wa mai kaya salula, kuma tufafi su fito da ƙamshin turaren wuta. Mamman ya ce a sa masa rediyo. Ni kuwa na ce ruwan da ya yi wanki kada ya zube banza, a tace shi a ba shuka.

Da muka gama surutu sai Mushe ya tambaye mu, “Wa ya taɓa tambayar mai wanki?” Babu ko ɗayanmu. A nan na tuna Inna ta ce ka fi shekara ashirin kana wanki da guga ga ma'aikatan kamfanin siminti.

Don Allah ka gaya mini: me ya fi wuya a aikin? Ruwa nawa kake ci a yini? Wane datti ne ya fi taurin kai?

Ɗiyarka,
Rahinatu

*

Malbaza, 3 ga Disamba, 2006

Zuwa ga ɗiyata Rahinatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direba, na yi murna ƙwarai. Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatun boko ba. Maƙwabcina Takama, tsohon soja da ke gadin ƙofar kamfani, shi ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta wagga. Muna lafiya, sai baya da ke ɗan motsa mini in na daɗe a duƙe. Umma tana gaishe ki, ta ce tana tune da ke sarai, ke ce mai kukan nan da ba a iya lallashi.

Na sa Takama ya maimaita wurin da kika ce inji har sau uku. Ashe a zuriyarmu an samu mai ƙera inji! Allah ya yi miki albarka.

Ga amsarki. Abin da ya fi wuya shi ne duƙawa. Bayansa sai jan ruwa. Garwa nawa nake ci ban taɓa ƙirgawa ba, ina dai ja har kafaɗa ta gaya mini ya isa. Datti kuwa, babu kamar siminti. Wanda bai sani ba zai tsoma rigar cikin ruwa kai tsaye, to ya kashe ta, ta sandare kamar fatar da aka shanya, kuma ta cinye masa hannu. Sai an kakkaɓe ta a bushe da sanda, an bar ta ta sha iska, sannan ta ga ruwa. Man inji kuma sai ruwan zafi da toka kafin sabulu.

Na gaya wa mutanen da nake yi wa wanki labarinki. Amadu, shugaban masu ɗaukar buhu, ya ce in dai injin ya tashi, rigarsa za a fara gwadawa. Ki yi ƙoƙari, ɗiyata. Idanu suna kanki.

Kawunki,
Kallamu mai wanki

*

Birnin Konni, 25 ga Fabrairu, 2007

Kawu Kallamu,

Gaisuwa mai yawa. Ya bayanka, da sauƙi? A gaishe da Inna Umma da Baba Takama. Ka yi haƙuri da shiruna, jarrabawa ce ta riƙe mu.

A gaggauce nake rubutu don direba na jira. Injinmu ya tashi! Na kwali ne, amma in ka gan shi sai ka rantse daga waje aka kawo shi. Yana da ƙofa mai zagaye da farantin hasken rana a bisa. Ranar Asabar 10 ga Maris da hantsi za a nuna shi a filin makarantarmu, manyan gari za su zo. Ina ma a ce kana nan ka gani da idonka.

Ka sa mu a addu'a.

Rahinatu

*

Birnin Konni, 8 ga Afrilu, 2007

Kawu,

Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata. Ina fatan jikinka lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Wata guda ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka san abin da ya faru, amma ina so in rubuta shi da hannuna, don kada in rage wa kaina komai.

Ina tsaye gaban teburinmu ina yi wa manyan baƙi bayani da Faransanci, sai na hango mutum ya shigo ta ƙofar makaranta da ƙaton ƙunshi a kai. Ban gane ka ba sai da ka matso kana murmushi, ka ce, “Ina ɗiyata mai inji?” Ka sauke ƙunshin, ka kwance, ƙurar siminti ta tashi ta bi takalman baƙi. Ka ɗauko rigar farko ka ce, “Na riga na kakkaɓe ta, a zuba mu gani.” Ka kama ƙofar injin ka ja, ta taho a hannunka, don da gam muka manne ta.

Na ga fuskarka lokacin da ka leƙa ciki ka tarar babu komai sai kwali. Dariyar da 'yan makaranta suka yi har yau tana kunnena.

Da a nan aka tsaya, da na iya jurewa. Amma Hidaya, wadda babanta babba ne a duwan, wato kwastan, ta matso ta ce, “Rahinatu, wane ne wannan?” Baƙi suna ji, Mushe Awal yana ji. Na buɗe bakina na ce, “Wani mai wanki ne, wurinsa na samo bayani.”

Ka ji. Na san ka ji, don ka dube ni, sannan ka ce, “Haka ne, malama.” Ka ajiye ƙofar kwalin a hankali bisa tebur kamar wani abu mai daraja, ka ɗaure ƙunshinka, ka nemi wani ya aza maka. Babu wanda ya motsa sai Mushe Awal. Ni ban taka ko ƙafa ɗaya ba. Ban ce ka sha ruwa ba, mutumin da ya taso tun daga Malbaza cikin wannan rana.

Mun zo na biyu. Bayanin da ya sa muka ci shi ne na kakkaɓe siminti a bushe, alƙalai suka ce babu rukunin da ya yi tunani irin wannan. Ban ce naka ba ne. An ba mu ƙamus, yana ƙarƙashin gado, ban buɗe shi ba.

Daga baya na sake tuna takardata. “Na kwali ne” na rubuta, ina nufin da kwali muka yi shi. Sai yanzu na gane an karanta maka shi kamar sabon kaya da ba a fitar daga kwalinsa ba. Laifin rubutuna ne. Amma abin da na faɗa gaban mutane ba kuskuren rubutu ba ne.

Ka gafarce ni, Kawu.

Rahinatu

*

Birnin Konni, 20 ga Mayu, 2007

Kawu Kallamu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Mako shida ke nan ba amsa. Direba ya rantse ya ba da takardar a gidanka, hannun Inna Umma.

Na je Tajaye na gaya wa Inna da bakina. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Sannan ta ce, shekarar da gero ya ƙi, ina goye, kai ne ka aiko mana da buhun masara daga Malbaza ba tare da kowa ya roƙe ka ba. Ban taɓa sani ba. Ta ce, “Da wankin nan da kika ji kunya aka yi nonon da kika sha.” Kwana biyun da na yi can ba ta ƙara kiran sunana ba.

Akwai wani abu kuma. Direban ya ce a Malbaza ana ta maganar “injin Konni,” wai babu mai wanki kamarsa. Na gane ba'a ake yi maka saboda ni, kuma kowace safiya sai ka wuce ta gabansu. Ban san yadda zan ɗauke maka wannan ba.

Ko zagi ne ka aiko, zan karɓa. Shirun ne ba na iyawa.

Rahinatu

*

Malbaza, 10 ga Yuni, 2007

Ɗiyata Rahinatu,

Ina amsa gaisuwarki, duka biyun. Za ki ga hannun ya sake. Ba Takama ke rubutu ba, Malam Sha'ibu ne, mai duba marasa lafiya a asibitin garinmu. Baya ya kwantar da ni kwana biyar, amma na tashi, kada ki damu.

Kin ɗauka fushi ne ya hana ni amsa. Ba fushi ba ne. Takardunki biyu suna cikin aljihuna ba a buɗe ba har shekaranjiya, don ba ni da wanda zan ba ya karanta. Takama ba zai yiwu ba. Saurara ki ji dalili, sannan ki auna wa ya fi wani abin kunya.

Maganarki ta ranar nan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma da na shiga mota da ƙunshi bisa cinya, ba ita nake tunani ba. Ina tunanin mutum goma sha ɗaya da suka tuɓe rigunansu suka ba ni, suka raka ni har tasha, Takama na gaba yana cewa, “Yau Kallamu ya huta.” Mi zan ce musu?

Da muka iso Tsarnawa sai na ce direba ya sauke ni. Na bi wata hanya zuwa garaken albasa, na roƙi wani mai garka ya bar ni in ja ruwa a rijiyarsa. Na yi wankin nan, ɗiyata, irin wanda ban taɓa yi ba. Duk abin da ke cikin ƙirjina a kan rigunan na sauke shi. Rana ta busar da su kafin la'asar, na ari dutsen guga wurin wani mai wanki na garin, na goge, na ninke.

Niyyata in kai musu kayansu tsaf, sannan in faɗi gaskiya. Da na sauka, Amadu ya warware rigarsa, ya ɗaga ta ga haske ya ce, “La ilaha! Ku dubi aikin inji! Kallamu, shekara ashirin kana cutarmu.” Kowa ya yi dariya, ana ta shafa riguna ana shinshinawa. Takama ya kama hannuna ya ce, “Ya yake, ya yake?” Sai na ji bakina ya ce, “Ƙofarsa zagaye take.”

Daga nan ban iya komawa baya ba. Suka tambayi ƙararsa, na yi musu ƙara da bakina. Ni, mai furfura, mai jikoki.

Asabar da ta biyo suka sake tara kaya, wai a kai wa inji. Na ɗauka, na shiga mota, na sauka Tsarnawa. Asabar goma sha biyu ina haka. Mai garkar har ya daina tambayata. Umma kaɗai ta sani, kullum in na dawo sai ta ce, “Malam, har yaushe?” In ce mata, “Wagga ce ta ƙarshe.” Rijiyar can ta fi tamu zurfi, ita ta karya mini baya. Da Malam Sha'ibu ya matsa mini da tambayar mi nake ɗauka haka, na gaya masa, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce in kawo takardun.

To kin ji. Ba ba'a suke yi ba, da gaske suke yabon injinki. Ke kin ƙi ni sau ɗaya gaban baƙi, kina yarinya, a firgice. Ni na yi wa abokan zamana ƙarya wata uku, ina sallah sahu ɗaya da su. Na yafe miki tun a Tsarnawa. Ki gaya wa Salamatu na ce ta kira sunanki.

Kawunki,
Kallamu

*

Birnin Konni, 17 ga Yuni, 2007

Kawu,

Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta takardarka a bayan aji, na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Duk Asabar ɗin nan da nake zaune ina tausayin kaina, ashe kana can bakin rijiyar mutane a duƙe saboda ni.

Don Allah kada ka sake zuwa Tsarnawa. Ƙarshen wata za a ba mu hutu. Ka jira ni. Zan zo in tsaya a ƙofar kamfani in gaya musu da bakina cewa babu inji, kwali ne, kuma rubutuna ne ya jawo komai. In dariya za su yi, su yi mana tare.

Jiya na je wurin Mushe Awal na gaya masa kai kawuna ne, kuma bayanin siminti naka ne. Ya ce ya sani tun ranar, jira yake ya ga ko zan faɗa. Na gaya wa Hidaya ma. Ta ce, “To, me ya sa kika ɓoye?” Ashe ita ko a jikinta.

Ka jira ni.

Rahinatu

*

Malbaza, 1 ga Yuli, 2007

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Baya ya yi sauƙi, Umma lafiya, an yi ruwa mai kyau ranar Talata, mutane sun fita shuka. Takama ne ya dawo da rubutu.

Ban jira ki ba. Ƙaryar tsoho ba kayan da za a aza wa yarinya ba ne. Ranar Juma'a, kwana goma ke nan, bayan an sauko masallaci na tsayar da su a gindin itacen bedin da ke ƙofar kamfani, na ce, “Jama'a, babu inji. Ni ne injin.” Na faɗa musu duka, tun daga kwali har rijiyar Tsarnawa.

Na so su yi dariya, da ya fi mini sauƙi. Ba su yi ba. Amadu ya ce, “Kallamu, da ka ce mana kwali ne, da mun yi maka tsiya kwana biyu mun manta. Amma ka mai da mu yara.” Shi da mutum uku sun kwashe kayansu sun kai wani wuri, ban ga laifinsu ba. Takama ya yi kwana tara bai amsa sallamata ba. A na goma ya shigo gidana da takardarki ta watan Fabrairu, wadda ya ajiye a wurinsa, ya zauna ya sake karanta ta da ƙarfi, ya tsaya a kan “na kwali ne,” ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, “Ni na aike ka.” Yanzu da nake faɗin wanga ya ce kada a rubuta, na ce sai an rubuta.

Sauran bakwai sun bar mini kayansu. Ɗayansu ya ce, tunda yanzu sun san iyakar hannuna, kada in kuskura in koma wankin da. Kin ga abin da na jawo wa kaina.

Kin ce kin ajiye ƙamus ƙarƙashin gado. Ki fito da shi, da guminki kika samu. Kuma kada ki bar zancen inji. Zaman da na yi a kwance na yi ta tunaninsa. Ƙofar nan kun sa ta ƙasa ƙwarai, mai zuba kaya sai ya duƙa, to mi aka yi ke nan? Ku ɗaga ta daidai cibiyar mutum. Ku yi masa wurin kakkaɓa dabam da wurin ruwa. Salula da turare ban san su ba, ku yara kun fi ni sani. Amma kada ku kulle shi cikin ɗaki. Ku ajiye shi inda akwai inuwa da benci, don mai kawo wanki rabin abin da ya kawo shi hira ce. Sauran sai kin gani da idonki, ba a faɗinsa a takarda.

Saboda haka ki zo, ba don ki tsaya gaban kowa ba. Ki zo da tsohon zane da fensir, ki yi mako guda kina wanki tare da ni. Umma ta share miki ɗaki.

Ba zan iya tarbarki a tasha ba in Asabar kika zo, don ranar aiki ce. In kin sauka ki tambayi gidan Kallamu mai wanki, kowa ya san shi, yanzu ma fiye da da. Za su tambaye ki ke wace ce a wurinsa. Ki faɗa musu abin da kika ga dama.

Kawunki,
Kallamu